Iowa da Arewacin Zamfara: Wa Ke Riƙe da Akalar Ƙaramar Hukuma?

Jihar Iowa ta Amurka, ƙasar masara da waken soya, gundumomi 99 gare ta, kuma yawancin abin da ya shafi zaman manomi a can a gida ake yanke shi. Harajin gona da na gida da yake biya, da shi ake gyara hanyar tsakuwar da ta bi ta ƙofarsa, ake ɗaukar wani kaso na hidimar makaranta, ake biyan shugaban 'yan sandan gunduma, wanda mutanen wurin ke zaɓa duk shekara 4. In gada ta karye, manomi ya san wanda zai tare a bakin kanti.

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kuwa, kuɗin daga sama yake gangarowa. Kason wata-wata daga Abuja yake fitowa, kuma shekara da shekaru sai ya biya ta asusun haɗin gwiwa a Gusau, har Kotun Ƙoli ta ce a ranar 11 ga Yuli, 2024 a riƙa tura shi kai tsaye. Baturen 'yan sanda turo shi ake yi, ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ba ya da ikon ɗaga shi. To, ciyaman ɗin da abincinsa ke hannun gwamna, don me zai ji tsoron mai rumfa a kasuwar Shinkafi? Nan bambancin yake, ba a yawan tarakta ba.

Za a ce talakan Zurmi bai da abin biyan haraji. Ai yana biya, sai dai ba hukuma ke karɓa ba: ƙauyuka na harhaɗa kuɗi su kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Za a kuma ce tsarin Amurka na da nasa aibu, kuma haka ne, don gundumar da gonakinta ba su da daraja makarantunta a baya suke, asibitocin karkara ma rufewa suke yi. A Zamfara kuma, dattawa ba su manta azabar jangali da 'yan doka ba, saboda haka ba dawo da su ake nema ba. Kason Abuja ya ci gaba da zuwa, amma hukuncin kotu kaɗai ba zai juyo da fuskar ciyaman wajen talaka ba. A liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe kowane wata a ƙofar sakatariya, a kuma karanta shi da Hausa ranar kasuwa.