Wajen 'Yan Kaji a Kasuwar Wudil

'Yan'uwana mata, ran Juma'ar nan na je cin kasuwar Wudil. Garin yana bakin kogi, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Maza sun san kasuwar da shanu, ni kuwa wajen 'yan kaji na nufa.

Kai, abin sai wanda ya gani! Ga zakaru a kwanduna, ga zabi, ga agwagi da tantabaru. Da yake damina ce, ƙwan zabi ya cika kasuwa. Na durƙusa gaban wata tsohuwa mai ƙwarya cike da ruwa. Ta ce, "'Yar nan, tsoma ki gani. Wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso baragurbi ne."

Na ce, "Iya, kiwon zabi nake so." Ta ce in sa wa kaza ƙwan, don zabuwa ba ta iya reno ba. Na kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa wajen 28.

Can na hangi wata kaza tana gyangyaɗi, ana ta araha da ita. Gabana ya faɗi. Bara da hunturu irinta na saya, ta ƙarar mini da akurki, har wadda nake tanadi don sunan ƙanwata.

To, in kun sayo kaza, ku ware ta mako biyu tukuna. Ku kuma tambayi malamin dabbobi rigakafin ciwon kaji da ake yi a Vom.

Sai mako mai zuwa.