Kafin Mu Kira Ta Maciya Amana

Tun da labari ya fito a 2025 cewa Favour Ofili, ɗaya daga cikin matan da suka fi kowa gudu a Nijeriya, ta nemi ta koma yi wa ƙasar Turkiyya tsere, kalma ɗaya nake ji a bakin 'yan ajinmu masu bin labarin wasanni: cin amana. Wannan ya ce kuɗi ta hango, wancan ya ce ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba. Tunda allon nan namu ne mu duka, zan faɗi dalilina, wanda bai gamsu ba sai ya kawo nasa a fitowa ta gaba.

Mu fara da abin da ya faru, domin da yawa daga masu zagin nata ƙarshen labarin kawai suka ji. A 2021 aka yi gasar Olamfik a Tokyo, babban birnin Japan. Sai da 'yan wasanmu na guje-guje da tsalle-tsalle suka isa can, sannan aka ce mutum 10 daga cikinsu ba za su shiga fili ba. Ba wai an kama su da shan ƙwayar ƙara kuzari ba ne. Doka ce ta ce dole a yi wa kowane ɗan wasan Nijeriya gwajin ba-zata sau uku a cikin watanni 10 kafin gasar, kuma ba a cika masu wannan adadi ba. Shirya gwajin aikin hukuma ne, ɗan wasa ba ya gwada kansa. A lokacin kuwa hukumar tamu, wadda ake kira AFN, ta dare gida biyu, ɓangaren Ibrahim Gusau da ɓangaren Tonobok Okowa, kowa na cewa shi ne shugaba, har zaɓe biyu aka yi a cikin watan Yuni na shekarar. Rigimar ta kai har ga tufafin da za a sa. Wani ɗan wasanmu mai jifan dalma, Chukwuebuka Enekwechi, ya ɗauki bidiyon kansa yana wanke rigarsa guda ɗaya tak don ya sake sa ta a zagayen ƙarshe. Ofili na cikin goman da aka hana, tana da shekara 18.

Ta haƙura, ta koma ta ci gaba da atisaye har shekara uku. A 2024 ta ci gasar ƙasa ta tseren mita 100, ta kuma cika sharaɗin zuwa Olamfik ta Paris. Ana saura 'yan kwanaki a fara guje-guje, sai ta gano ba a shigar da sunanta a wannan tseren ba. Hukumar AFN da kwamitin Olamfik na ƙasa kowa ya ɗora wa ɗan uwansa laifi. Ta yi tseren mita 200, ta kai zagayen ƙarshe, ta zo ta shida a duniya, aka gan ta tana kuka a gaban 'yan jarida. Daga baya kwamitin binciken da ministan wasanni ya kafa ya ba da shawarar a biya ta diyya. Amma wace diyya ce za ta dawo da tseren da aka riga aka gama?

'Yan uwana 'yan aji shida, ku ne za ku fi kowa gane wannan. A ce ka yi shekara uku kana karatu, mahaifinka ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin WAEC, ranar jarrabawa ka zo da biro biyu, sai a ce babu sunanka, ka dawo baɗi. Ka dawo, a sake ce maka babu. To kai aƙalla baɗi kake jira. Olamfik sai bayan shekara huɗu take zagayowa, ƙafar mai gudu kuma ba ta jiran kowa. Mai sa'a ne yake samun uku yana kan ganiyarsa. Ita an ɓata mata ɗaya gaba ɗaya, an gutsure mata rabin ta biyu.

Abin ya fi yi mini ciwo saboda na taɓa ganin ƙaraminsa da idona. A makarantar da na yi ƙaramar sakandare akwai wani abokina da ke zuwa daga wani ƙauye ta wajen dajin Falgore. Da ƙafa yake zuwa, in ya makara kuma da gudu, don haka babu mai iya bin ƙurarsa. Ya cinye gasar gidaje ta makaranta ba takalmi, aka ce shi zai wakilce mu a gasar shiyya. Wata guda yana tashi da asuba cikin hunturu yana gudu a kan burji. Mahaifinsa ya ɗaga masa ƙafa daga casar shinkafa, alhali a lokacin hannu ɗaya ma ba a raina shi a gona. Ranar gasa muka cika mota muna kiɗa da robar ruwa. Da aka zo kiran suna, babu nasa. Wanda ya kamata ya kai takarda ya ce ya bai wa wane, wane ya ce bai ga komai ba. Haka ya tsaya a gefen fili da kambas ɗin aro a ƙafarsa, yana kallon yaran da na tabbata zai bar su a baya. A hanyar dawowa bai ce uffan ba, mu ma ba wanda ya sake taɓa robar. Shekarar ita ce ta ƙarshe da ya yi a makaranta. Yanzu babur yake ja, yana kai buhuna kasuwar Tudun Wada.

Bambancinsa da Ofili ɗaya ne: ita akwai wata ƙasa da ta ga gudunta ta ce tana so, shi kuwa ba wanda ya taɓa riƙe masa agogo. Ban san daƙiƙa nawa yake yi a mita 100 ba, shi ma bai sani ba. Irinsa nawa ne daga Bebeji zuwa Doguwa? Su ba sa komawa Turkiyya, dainawa kawai suke yi, kuma ban taɓa jin an kira wanda ya manta da takardarsu maci amana ba.

Ofili ba ita ce farau ba. Francis Obikwelu ya ji rauni a gwiwa a gasar Sydney ta 2000, ya kuma yi ƙorafin cewa an bar shi da jinyar kansa. Ya zama ɗan Fotugal, a 2004 ya ciyo masu lambar azurfa a mita 100 a Athens. Annette Echikunwoke, wadda aka haifa a Amurka, ita da kanta ta zaɓi ƙasar iyayenta, sai ta faɗa cikin goman nan na Tokyo. Ta koma wa Amurka, a Paris ta ci azurfa a wasan wurga ƙarfe mai igiya. A wannan gasar Nijeriya ko lamba ɗaya ba ta samo ba. Salwa Eid Naser, wadda ta ci wa Bahrain gasar duniya ta mita 400 a 2019, a Nijeriya aka haife ta. In bishiya ɗaya ta bushe a ce ciwo ne, amma in garka guda ta bushe sai a je a duba rijiya.

Ba kuma halin 'yan Nijeriya kaɗai ba ne. Ga masu son babur, ku da kuke tsayawa kallon masu wasa da shi ranar biki: a Turai akwai wani tsere da ake yi a fili mai kewaye, zagaye huɗu, da babura marasa birki masu giya ɗaya. A Poland ya fi farin jini, can ake cika filaye a biya mahaya da kyau. Rune Holta ɗan Norway ne, ya karɓi takardar zama ɗan Poland, yana cikin waɗanda suka ci mata kofin duniya a 2005 da 2007 da 2010. Mai sana'a inda sana'arsa ke da daraja yake nufa. Yayyenmu da ke tafiya ci-rani Legas da Fatakwal bayan an gama kaka, wa ya taɓa ce masu sun ci amanar Kiru?

Sannan akwai son kai a cikin lamarinmu. Ademola Lookman a Landan aka haife shi, Ingila ce ta koya masa ƙwallo, har ya ci mata kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017. Da ya sa rigar Nijeriya a 2022, ya zama gwarzon Afirka a 2024, gidan kallo kamar zai tsage don ihu. Ban ji wanda ya tausaya wa Ingila ba. In an zo mana mu ce ɗa ya dawo gida, in an bar mu mu ce butulci.

Kada a ɗauka ina murna da tafiyar tata. Malaminmu na tarihi yakan ce tuta ba rigar aiki ba ce da za a tuɓe in albashi ya yi jinkiri, kuma maganarsa tana da nauyi. Tobi Amusan ta sha irin wannan wahala, ta zauna, a 2022 ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge da daƙiƙa 12.12, aka buga taken Nijeriya tana hawaye. Na fi son wannan labarin nesa ba kusa ba. Abin da Turkiyya ta yi ma bai burge ni ba, domin ba Ofili kaɗai ta nema ba, har da 'yan Jamaika irin su Roje Stona da ya ci zinare a Paris. Wani ya yi shuka da noma, mai kuɗi ya zo ranar girbi da buhu. Shi ya sa hukumar duniya ta sa doka cewa mai sauya ƙasa sai ya jira shekara uku, kuma sai ta duba ta amince. Sai dai wannan doka ɗan wasa kaɗai take kamawa. Jami'in da ya manta da suna ba ya jiran shekara uku, washegari yana ofis. Haƙurin Amusan kuma abin yabo ne, amma ba bashi ba ne da ake bin kowa.

Abuja ta yi mana nisa, kuma allon nan ba ya kaiwa can. Amma gasar gidaje tana tafe, bayanta kuma ta shiyya. Roƙona ga Malamin wasanni, Allah ya ƙara girma, shi ne a liƙa sunayen duk waɗanda za su wakilci makaranta a nan, mako guda kafin tafiya, tare da kwafin takardar da aka aika da sa hannun wanda ya karɓa. Mun yi magana a ƙungiyarmu ta 'yan jarida, mun ware kusurwar dama ta sama, kuma ƙusa da gam muna da su.