Harafi Ɗaya, Lamba Uku

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Kafin ta ajiye rubutu ko ta aika shi, sai kowane baƙi da wasali ya sami lambarsa a babban kundin nan na Unicode. Harafin ƙ na Hausa, alal misali, lambarsa 409 ce, ita kaɗai. Harafin Koriya ㄱ kuwa, wanda sautinsa ke tsakanin g da k, lamba uku gare shi: 4352 idan ya buɗe gaɓa, 4520 idan ya rufe ta, 12593 idan ya tsaya shi kaɗai.

Dalilin haka yana cikin ginin rubutun kansa. Sarki Sejong ne ya ƙirƙiri haruffan Hangul a 1443, aka kuma shelanta su a 1446. A yau tushensu 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10. Sai dai ba a jera su ɗaya bayan ɗaya kamar na boko. Ana tara haruffan kowace gaɓa a cikin murabba'i guda, tamkar tubali: ㅎ da ㅏ da ㄴ su haɗu su ba da 한, wato han. Ga mai alƙalami wannan ba komai ba ne, hannu ya san inda zai ɗora kowanne. Na'ura kuwa sai an faɗa mata abin da za ta ƙirga, harafi ko tubalin.

A 1987 Koriya ta Kudu ta zaɓi tubalin. Aka tsamo gaɓoɓi 2,350 da aka fi amfani da su, aka ba kowace lamba, aka bar saura a waje. Gaɓa irin su 똠 ba ta sami shiga ba, kuma duk wanda sunansa ya ƙunshi ɗaya daga cikin waɗanda aka bari, na'ura ba ta iya rubuta shi daidai. Wannan rowa ce da ƙarancin wurin ajiya ya jawo, amma ta ci karo da hikimar Hangul, wadda ita ce a iya harhaɗa kowace gaɓa daga ƴan haruffa kaɗan.

Gyaran ya zo a 1996, lokacin da Unicode ya ware lamba ga dukkan gaɓoɓi 11,172 na rubutun zamani. Adadin ba na kaɗa-ka-ci ba ne: baƙaƙen buɗe gaɓa 19, wasula 21, hanyoyin rufe ta 28, har da barin ta a buɗe. An jera su a tsare, don haka lambar kowace gaɓa lissafi ke fitar da ita. Idan aka fara ƙirga daga sifili, ㅎ shi ne na 18, ㅏ na 0, ㄴ na rufewa na 4. A ninka 18 da 21, a ƙara 0, a ninka da 28, a ƙara 4, sannan a ɗora a kan 44032 inda jerin ya fara. Amsar 54620 ce, kuma ita ce lambar 한.

Duk da haka an bar ɗaya hanyar a buɗe. Ana iya rubuta 한 da lamba ɗaya, ana iya rubuta ta da lambobin haruffanta uku, na'ura ta haɗa su a allo. Ido ba ya bambance su, amma manhajar da ba ta daidaita su ba tana ɗaukarsu kalmomi biyu. Shi ya sa sunan fayil da aka yi a kwamfutar Apple yakan isa Windows a warwatse, harafi-harafi.

Ɗalibin Hausa da ke sa alamar karin sauti yana kan wannan siraɗin. À na iya zama lamba ɗaya, na iya zama a da alamarta a ware. Kalma tana nan a ƙamusun da ya tara, ya neme ta, na'ura ta ce babu.