Muryar da ta nutse a rijiya

Shekara tara ke nan ina haɗa sauti a wani ɗan sutudiyo a Kano, kuma roƙon da mawaƙa suka fi yi mini bai wuce "Oga, ƙara min eko" ba. Abubuwa biyu suke haɗawa a wannan kalma.

Na farko dile, wato maimaita murya bayan ɗan jinkiri. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka idan ka yi kuwwa gaban dutsen da ke nisan mita 17, muryarka za ta dawo bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Na biyu ribab, amon da kake ji idan ka yi magana a sabon ɗakin da ba a sa kaya ba, inda amsa-kuwwa barkatai suke cakuɗewa har kunne ya kasa rarrabe su.

A da sai an sha wahala ake samun su. A 1954, Sam Phillips da na'urorin tef ya yi wa Elvis Presley dile a Memphis. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya ƙera ribab da faffaɗan farantin ƙarfe, a akwati mai nauyin fiye da kilo 250. Yau da ɗan yatsa nake kunna su, kuma abin da ya zo da sauƙi akan yi masa zubin ganganci.

Damuwata ita ce Hausa. Harshenmu yana rarrabe ma'ana da karin sauti da jan wasali: garin da ake zama daban, garin tuwo daban. Idan ribab ya yi yawa, wutsiyar kalma takan hau kan ta gabanta, ƙ da ts su narke. Mawaƙi ya kwana yana tsara baiti, mai sauraro a waya kuma ya ji kamar ana kiransa daga ƙasan rijiya.

Shi ya sa nake awo. Waƙa mai bugu 120 a minti, dilenta rabin daƙiƙa, kuma a kalmar ƙarshen ɗango kaɗai nake sa shi, inda mawaƙi ya tsaya numfashi. Ribab kuwa nakan jinkirta shigowarsa kaɗan, harafi ya fara fita. Sannan in kunna wa mahaifiyata a ƙaramar wayarta. In ta ce "Me ya ce?", sai in koma in rage.

Waƙoƙin Mamman Shata ne suka fi koya mini wannan. Yana ajiye baiti, 'yan amshi su ɗauka, kalangu ya cike gurbin. Maimaicin nan mutane ne suke yin sa, kuma sukan jira ya gama magana kafin su amsa.