Wayar araha ta sa na biya sau biyu

Bara, cikin zafin Afrilu, na haɗa wa Inna sola a gidanmu na Tukunus: pano, batiri mai bolt 12, ampul uku da fanka. Wayar wuta kuwa siririya na sayo, mai 0,75, a kasuwar Lahadi ta Filingué. Daga batiri zuwa ɗakinta mita 10. Da dare ya yi, haske dishi-dishi, fanka na juyawa da ƙyar, Inna ta kwana tana fifita. Na ɗora wa batiri laifi.

Mai gyara ya duba, ya ce: "Malam, batirinka lafiya lau. Kayanka wat 60 ne, amfiya 5 ke nan. Zuwa da dawowa mita 20, wayar nan na cinye fiye da bolt 2 a hanya."

Munka sa mai 2,5, asarar ba ta kai bolt 1 ba. Ya ƙara fizibil dab da batiri, don rufinmu na kara ne, waya in ta haɗu gobara ce.

Kafin ku saya, ku auna nisa, ku kankare bakin wayar: in cikinta fari ne, ba jan ƙarfe ba ne. Allah shi kiyaye.