Inda Ake Kai Kuka

Da wuya mu yi hirar minti 5 ba mu yi addu'a ba. Mai tafiya mu ce masa Allah ya kiyaye hanya, mai jego Allah ya raya, ɗan kasuwa Allah ya kawo ciniki, wanda aka yi wa rasuwa Allah ya ba da haƙuri. Ko faɗa ne ya haɗa mu da wani, ƙarshenta a ji an ce Allah ya isa. Ga salla sau 5 a yini, raka'a 17 na farilla. Idan yawan ambato ne, ba a bar mu a baya ba.

Amma akwai wata tambaya da ba mu cika yin ta a fili ba, sai dare ya raba, barci ya ƙi zuwa. Matar da ta daɗe a ɗakin miji ba ta ko ɓatan wata ta san tambayar. Saurayin da ya gama hidimar ƙasa takardunsa na kwance a jaka ya san ta. Uban da ke kwana a bakin gadon asibiti ma haka. Mun roƙa, mun sake roƙo, me ya sa har yanzu shiru? Wasu daga nan gwiwarsu ke sanyi. Wasu kuma su shiga yawon neman wanda addu'arsa ta fi tasu kaifi.

Idan muka buɗe Alƙur'ani muka duba yadda annabawa suka yi magana da Ubangijinsu, za mu ga wani abu da ke sauya mana tambayar gaba ɗaya. Sau da yawa addu'arsu gajeruwa ce, kuma bayanin halin da suke ciki ya fi jerin buƙatu yawa a cikinta.

A Suratul Anbiya, Annabi Ayyub da cuta ta daɗe tana cin jikinsa bai furta neman waraka ba. Ya faɗi abin da ya same shi, ya ambaci rahamar Ubangijinsa, ya tsaya nan. A surar dai, Annabi Yunus yana cikin kifi, duhu a kan duhu, bai ce a fitar da shi ba. Ya kaɗaita Allah, ya tsarkake shi, ya ɗora laifi a kan kansa. Dukansu biyu an amsa musu.

Annabi Musa kuwa, a Suratul Ƙasas, ya isa Madyana a guje daga Masar, ba guzuri, ba masauki, ba wanda ya sani. Ya shayar wa mata biyu dabbobinsu, ya koma inuwa, ya shaida wa Ubangijinsa cewa shi mabuƙaci ne ga kowane alheri. Bai ƙayyade ba. Abin da ya biyo baya ya haɗa da mafaka, da aikin yi na shekara 8 ko 10, da matar aure. Da yunwar cikinsa kaɗai ya duba, da ƙila bai wuce roƙon abincin wannan yinin ba.

Har Annabi Zakariyya da ya fito fili ya nemi ɗa, sai da ya fara shimfiɗa halinsa. Farkon Suratu Maryam ya nuna shi yana kira a asirce, yana zancen raunin ƙashinsa, da furfurar da ta cika masa kai, da matarsa da ba ta haihuwa, da fargabar abin da zai faru bayan ransa. Duk waɗannan Allah ya san su. To me ya sa ya faɗa? Saboda haka mai kusanci ke yi. Ɗa ba ya faɗa wa uwarsa ciwonsa don ba ta gani ba, yana faɗa ne don a wurinta ake faɗa. Annabi Yakub ma, da baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya tafi da ganinsa, 'ya'yansa suna yi masa magana, ya nuna musu cewa kukansa ba wurinsu yake kai shi ba.

Malaman tafsiri sun daɗe suna jan hankali kan aya ta 186 a Suratul Baƙara, wadda ta zo a tsakiyar ayoyin azumi. A cikin surar an yi tambayoyi kan jinjirin wata, da ciyarwa, da giya da caca, da marayu, kuma kowace sai a umarci Manzon Allah (SAW) ya ba da amsa. Da aka zo tambaya a kan Allah kansa, sai aka ɗauke wannan umarni, amsar ta zo kai tsaye da albishir ɗin kusanci. Ko a tsarin jimlar ba a bar shamaki tsakanin bawa da Ubangijinsa ba.

Wannan ba ya nufin kowane roƙo ake bayarwa yadda aka nema. Annabi Nuhu, wanda ya zauna cikin mutanensa shekara 950, ya yi magana a kan ɗansa da ruwan ɗufana ya tafi da shi, aka hana shi wannan roƙon. Annabi Musa ya nemi ya ga Ubangijinsa, ba a ba shi ba. Annabi Ibrahim ya roƙi a aiko manzo daga zuriyarsa a Makka, amsar ba ta bayyana ba sai bayan ƙarnoni masu yawa. Babu wanda hani ko jinkiri ya rage wa matsayi a cikinsu. Hadisi ya sanar da mu cewa addu'ar da babu zunubi ko yanke zumunci a cikinta ba ta faɗuwa ƙasa banza: ko a gaggauta biya, ko a ajiye ta sai lahira, ko a tunkuɗe wani sharri gwargwadonta.

Ke nan addu'a ba ciniki ba ce da za mu miƙa kuɗi mu tsaya jiran kaya. Zama ne a ƙofar da muka san mai gidan yana ciki, yana kuma jin mu. Neman addu'a wurin iyaye da malamai da 'yan'uwa abu ne mai kyau, haka ma amin ɗin da muke jerawa a WhatsApp. Sai dai babu wanda zai iya faɗin abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya kamar mu. Wanda bai haddace dogayen addu'o'i da Larabci ba, idan ya sallame salla, Hausar da yake kuka da ita ta ishe shi.

Ga matar nan, da saurayin nan, da uban nan, ba mu da alƙawarin ranar da buƙata za ta biya. Abin da muke da shi shi ne sawun waɗanda suka gabace mu: sun faɗi gaskiyar halinsu, sun ambaci wanda suke magana da shi, sun bar masa zaɓi. Allah ya sa mu dace, ya share wa kowa hawayensa.