Kuɗin adashi da makon rangwame

Litinin, 18 ga Nuwamba, 2024

Sanyi ya shigo. Hazo tun asuba, leɓe duk ya tsage.

Kwasar adashinmu na malamai a kaina take ƙarshen watan nan. Na riga na yanke: masara, gero, wake, in an samu ragowa manja. Kasuwar Dawanau, Asabar ta ƙarshen wata, tun kaka ba ta wuce ba. Na rubuta a nan don kada zuciya ta sauya.

Ɗakin malamai yau babu zancen jarrabawa. Kowa kai a kan waya. Rangwame. Black Friday. Wata ta ce rabin kuɗi, wata ta ce har kashi 70 cikin 100.

Talata, 19

Autarmu ta iso. Bikinta bayan ƙaramar Sallah. Umma ta damƙa mata kuɗin kayan kicin, ni kuma ta kira ni ta ce in sa ido. Takardar Umma gajera: tukwane, kuloli, faranti, tukunyar gas da murhunta.

Bayan isha'i ta miƙo min wayarta, fuska duk murna. Tukunyar lantarki mai suya ba mai. Injin markaɗe, alhali an riga an ba ta ɗaya gudummawa. Fitilar ado mai sauya launi. Na'urar yanka albasa. Ko ɗaya babu a takardar Umma.

"Yaya, wallahi asara ce a bar su a wannan farashi."

Ban ce komai ba. Baƙuwa ce, yau ta zo.

Laraba, 20

Na duba wani abu. Injin markaɗen nan na taɓa tambayar kuɗinsa a watan jiya, a shagon intanet ɗin nan dai, na kuma rubuta a bayan littafin cefane: 38,000. Yau an rubuta 55,000 an ja masa jan layi, a ƙasa 36,999. Ragin gaskiya dubu ɗaya ke nan. Ido kuwa dubu goma sha takwas yake gani.

Gefe ga agogo yana ƙirga daƙiƙa. Ƙasa an rubuta saura guda uku. In ka ƙara kayan dubu biyar, kawowa gida kyauta. Duk an tsara shi ne don kada mutum ya samu sararin tambayar kansa ko yana so.

Na nuna wa Auta. Ta ce wannan ɗaya ne kawai, sauran gaskiya ne. Wataƙila.

Alhamis, 21

Gajiya. Litar fetur ta haura naira dubu tun watan jiya, ɗan sahu ya ƙara kuɗi, ba a ma jayayya. Hukumar ƙididdiga ta ce tsadar kaya ta wuce kashi 33 cikin 100 a Oktoba, ta abinci kusan 40.

Na fahimci abin da ke jan mutane. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi sama kawai yake yi. Wanda ya daɗe bai ga abu ya sauko ba, in ya gani dole hannunsa ya yi rawa. Tsoron gobe ne, ba kwaɗayi zalla ba.

Juma'a, 22

Huɗuba ta lasifika, ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Liman a kan almubazzaranci, ya jawo ayoyin Suratul Isra'i, ya ƙara da ta Furƙan mai yabon masu tsakaitawa wajen ciyarwa. Misalansa duk na masu hali: liƙi, akwatunan lefe, dina.

Ni tunanina ya tafi wani wajen. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya ɓarna da abu mai tsada, ba ya ma kusantarsa. Ta ƙofar araha ɓarna take shigo masa, dubu uku nan, dubu bakwai can, yana ganin tattali yake yi.

Auta tana ɗaki. Ban san ko ta ji ba.

Asabar, 23

Muka fita da yara wajen titin Gidan Zoo. Lasifika ko'ina. Sayi biyu a ba ka ɗaya. Yau kawai, Hajiya, gobe ya koma kuɗinsa.

Na sayi man shafawa da safa, su suka fito da ni. Auta ta ɗauki kofunan gilashi dozin biyu saboda na ukun kyauta ne. Kofi talatin da shida, gidan mutum biyu.

Yara sun ji daɗi. Ni ma na yi dariya sosai yau, an daɗe.

Lahadi, 24

Mai babur ya ƙwanƙwasa ƙofa da safe, wani kuma da la'asar. Kwalaye a falo.

Fitilar ba ta kai tsawon hannu ba, a hoto kamar ta tsaya da ƙafarta. Na'urar albasa roba ce mara kauri. Tukunyar lantarkin kyakkyawa ce, ba laifi. Muka zauna jiran wuta don a gwada. Har muka kwanta ba a kawo ba.

Ƙarshen Oktoba fiye da mako Arewa na cikin duhu, da aka lalata layin wutar Shiroro. Ba a yi wata guda ba. Gidan da za a kai Auta ma ba unguwar masu wuta ba ce.

Litinin, 25

Mun yi sa-in-sa.

"Yaya, ke ba kya lissafi ne? Dubu arba'in na tsirar."

"To, Auta, ina suke? Kawo in ajiye miki."

Ta yi shiru. Na ce mata kuɗin da aka tsirar ana iya ƙirga shi a tafin hannu, wannan kuwa fita ya yi. Ta ce kullum ina ganinta yarinya. Ta shige ɗaki.

Murya ta ɗan yi sama. Baban yara ya ji, bai tanka ba.

Talata, 26

Gaisuwa kawai.

Laraba, 27

Dare, ƙarfe ɗaya ta wuce. Barci ya ƙi.

Kafet. Ruwan toka da zanen zinare a gefe, daidai faɗin falona. Rabin kuɗi. Na buɗe, na rufe, na sake buɗewa. Namu bai yage ba, ya dai koɗe. Agogon yana cewa saura awa biyu.

Tambayar da na yi wa kaina: ranar Litinin ɗin makon jiya, da na zauna rubuta buƙatun gidan nan, kafet ya zo min a rai? Bai zo ba.

Amma yana da kyau ƙwarai. In na bari sai yaushe?

Waya ƙarƙashin matashi. Sai da safe.

Alhamis, 28

Da safe agogon ya koma awa goma sha biyu. Kafet yana nan, farashi yana nan, har yanzu saura guda uku.

Makaranta ana jiran alat. Gwamnatin Kano ta ce 71,000 ne mafi ƙarancin albashi daga wannan wata, kowa na lissafin abin da zai ƙaru. Wata malama ta riga ta cinye nata ƙarin tun bai shigo ba, ta ci bashi a manhajar waya ta sayi talabijin ta biyu. Kuɗin ruwan da ta faɗa min ya kusa shafe ragin da aka yi mata.

Auta ta dafa min shayi da citta. Mun shirya ke nan, ina jin.

Juma'a, 29

Yau ce ranar Black Friday ɗin. A Amurka aka faro ta, kashegarin bikin godiyarsu, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, lokacin da suke buɗe sayayyar Kirsimeti. Su kakarsu ta kashe kuɗi ke nan. Mu nan kuɗin makaranta na jira a Janairu, azumi kuma wajen farkon Maris.

Saƙonni tun asuba ba tsayawa.

Uwar adashi ta kawo kuɗin bayan an tashi. Ban bari sun shiga asusu ba. A ambulan, na miƙa wa Baban yara, na ce ko na roƙe shi kada ya ba ni sai gobe a mota. Ya ce to.

Asabar, 30

Dawanau. Hanyar Katsina cike da tireloli. 'Yan dako, ƙura, ƙanshin citta da zoɓo, riɗi buhu kan buhu, baƙi daga Nijar da kudu. Auta ta biyo mu da kanta.

Masara ta sauko daga inda ta kai da damina. Gero ma haka. Wake da ɗan sauƙi, ba sosai ba. Na damƙa, na tauna, na yi tayi, aka sallama. Ba jan layi, ba agogo. Sauƙin nan yana da dalilin da kowa ya sani: amfani ya zo gida. Kuma abin da za mu ci ne kullum har wata damina.

Manja bai samu ba. Ba komai.

A hanyar dawowa Auta ta tambaye ni kuɗin tukunyar gas. Na faɗa. Ta juya tana kallon taga.

Lahadi, 1 ga Disamba

Muka baje komai a tabarma da takardar Umma a gefe. Kuloli an saya. Faranti an saya. Tukwane babu, gas babu. Abin da ya rage ba zai kai ko ɗaya ba.

Auta ta yi kuka. Na bar ta ta yi.

Wasu kayan an ƙi karɓa, wai an buɗe kwali. Ta ɗauki hotunansu ta sa a WhatsApp, ko za a samu mai so.

Umma ta kira. Na ce lafiya lau, muna kan haɗawa. Auta ce za ta faɗa mata da bakinta, haka muka yi da ita.

Talata, 3

An sayi fitilar, ƙasa da yadda Auta ta saye ta. Tukunyar lantarki shiru. Kofuna, maƙwabciya ta ce za ta duba dozin ɗaya in albashin mijinta ya shigo.

Saƙo ya sake zuwa: an tsawaita rangwame zuwa ƙarshen mako. Kafet na nan. Na cire manhajar.

Ban san yadda Umma za ta ɗauka ba, ban kuma san ta inda kuɗin gas zai fito ba kafin biki. Buhuna dai suna sito. Araha ba ta ado. Abin da ba ya cikin takarda kafin a rage masa kuɗi, ko nawa aka rage, ba buƙata ba ne.